Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamna Dauda Lawal: lambar harajin wanda ya bar kasuwa da ta wanda ya kwanta dama

Mai girma Gwamna,

Ina neman izinin sa baki a wata magana da ba ta cikin waɗanda ake yi maka sallama da su kullum. Na san teburinka cike yake da batun tsaro da albashi da hanyoyi. Tawa ƙarama ce a ido: lambar haraji, da yadda mutum zai ajiye ta idan sana'arsa ta tsaya, da yadda magada za su sa a soke ta idan ya riga mu gidan gaskiya. Amma a ƙasarmu ta Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi sana'o'in da suka tsaya ba su ƙirguwa, haka ma magidantan da suka tafi ba zato ba tsammani, don haka bai kamata a bar maganar sai ranar da ta zama rigima ba. Ni mutumin Ƙaura ne, na daɗe ina taya 'yan kasuwa rubutu da cike takardu, kuma daga wannan kujera nake magana.

Ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, biyu daga cikinsu, har da Dokar Gudanar da Haraji, suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. An sha ka-ce-na-ce a kansu tun suna gaban majalisa. Ku gwamnonin Arewa kun tsaya kai da fata a kan rabon harajin VAT tun taronku na Kaduna a watan Oktoban 2024, talakawa kuma suka firgita da jita-jitar za a riƙa zarar musu kuɗi daga asusun banki, har Taiwo Oyedele, wanda ya jagoranci kwamitin da ya tsara dokokin, ya yi ta fitowa yana rarrashi. Cikin wannan hayaniya aka tsallake wani ɗan sashe, na 10 a Dokar Gudanar da Haraji, wanda ya shafi mutanenmu fiye da yadda ake zato. Sashen ya ce wanda ya dakatar da sana'arsa na ɗan lokaci ya sanar da hukumar haraji cikin kwana 30, ita kuma ta jingine lambarsa har ya dawo. Wanda ya bar sana'a ɗungurungum shi ma kwana 30 gare shi ya sanar, a cire shi daga rajista. Hukuma kuma za ta soke lamba idan ta gamsu mai ita ya rasu, ko kamfanin ya rushe, ko mutum ɗaya na riƙe da lamba biyu.

Kafin in zo kan fita, bari in tuna maka yadda aka shiga, don mafi yawan mutanenmu ba da niyyar haraji suka nemi lambar ba. Dokar kuɗi ta 2019, wadda ta fara aiki a farkon 2020, ta sa banki ya nemi lambar a hannun mai buɗe asusun kasuwanci. A 2020 ɗin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ta fara buga lambar haraji a jikin takardar shaidar kamfani, kuma bayan kullen korona gwamnatin tarayya ta ba da rajistar sunan kasuwanci 250,000 kyauta. Samari suka yi tururuwa, da mai sana'ar gaske da wanda ke fatan wani tallafi zai biyo baya. Canjin kuɗi na farkon 2023 ya tura mai hatsi da mahauci da mai shayi banki ala tilas. Sannan a 2024 aka ce duk mai na'urar POS ya yi rajista da CAC kafin 5 ga Satumba. Kowane ɗaya cikin waɗannan ya kwaso jama'a ya zuba a littafin hukuma, yawanci ta hannun yaro mai shagon kwamfuta a nan Ƙaura ko a Gusau, wanda aikinsa ya ƙare da zarar takarda ta fito daga inji. Bai gaya musu lambar na da haƙƙoƙin da ke biyo ta duk shekara ba, don shi ma ba a gaya masa ba. Nan ma lamba biyu ta samo asali. A da akwai ta hukumar haɗin gwiwa ta haraji, JTB, akwai ta hukumar haraji ta tarayya, FIRS, ga shi kuma sunanmu ɗaya rubutunsa uku: wanda aka rubuta Muhammad a nan, can Mohammed ne, a katin zaɓe Mamman. Mutum bai yi ha'inci ba, amma a kwamfuta ya zama mutum biyu, kuma kowannensu ana iya binsa bashi.

Yanzu hukumar haraji ta tarayya, wadda ta tashi daga FIRS ta koma NRS, ta sanar cewa lambar NIN ita ce ke zaman lambar harajin mutum, ta rajistar CAC kuma ta kamfani, ba sai an buga wa kowa kati ba. An yi haka don sauƙi, kuma wajen shiga sauƙin ya samu. Wajen fita ne aka bar mutumin ƙauye da buɗaɗɗen baki. Shi abin da ya sani, idan ka gama da abin hukuma sai ka mayar mata da takardarta, ta karɓa, ku rabu lafiya. Wani dattijo daga ƙasar Zurmi, wanda a da yake ɗora buhunan gero a mota duk mako, ya taɓa zaro mini wata takarda daga leda, ta sha ninki har rubutun ya fara gogewa, ya ce: "Malam, ina za ni mai da wagga takarda? Ni dai na bar kasuwa, ba ni da komi." Na gaya masa takardar ba ita ce abin ba, ko ya yaga ta lambar na nan, kuma tana ɗaure da NIN ɗinsa. Sai ya tambaye ni ko ke nan har kabari za ta bi shi. Da raha ya yi tambayar, amma amsarta ba raha ba ce: idan ba wanda ya kai wa hukuma labari, e, sunansa zai ci gaba da zama a cikin masu sana'a bayan ƙasa ta rufe idonsa.

Ranka ya daɗe, dokar tana da kyau, ban raina ta ba. Sai dai wanda ya rubuta ta yana kallon ɗan kasuwar da ke rufe shago bayan ya zauna ya yi lissafi, ya ga ba riba, ya kira akanta ya ce a rubuta wa hukuma. Namu ba haka yake rufewa ba. A watan Yunin 2021, cikin kwana biyu, aka kashe mutum 53 a ƙauyukan Zurmi, su Kadawa da maƙwabtanta. Waɗanda suka tsira da takalmi a hannu suka shigo gari. A farkon Satumban shekarar gwamnatin da ta gabace ka ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana fitar da dabbobi da sayar da fetur a jarka, ranar 3 ga watan kuma aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Kasuwar Alhamis ta Shinkafi, wadda fatake ke zuwa mata daga Isa da Sabon Birni da ƙasar Maraɗi, ta zama fili. A 2023 gwamnatinka ma ta rufe wasu kasuwannin dabbobi saboda cinikin shanun sata, har da ta Dauran. Ban zo yin gardama a kan waɗannan matakai ba, akwai dalilinsu. Abin da nake so a lura da shi, a irin waɗannan lokuta hukuma ce da kanta ta dakatar da sana'ar dillali da mai awo da direba da mai tuwo, don haka ba ta da bakin cewa ba a sanar da ita ba. Ƙara da rufe iyakar Nijar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023. Duk wanda jarinsa ke tsallaka iyaka ya ji a jikinsa.

To, mutumin da ya gudo da iyali ya raɓe a zauren ɗan'uwansa, kwana 30 ɗin farko me yake yi da su? Yana neman abin da yara za su sa a baki, yana cigiyar ƙaninsa da ba a gani ba, wani lokaci yana bin dangi gida-gida yana haɗa kuɗin fansa. Shi kansa bai san ko barin nan na ɗan lokaci ne ko na har abada ba, alhali dokar na so ya zaɓi ɗaya. Yawancinsu da "bari ƙura ta lafa" suka fito, ga shi shekaru sun shuɗe. Idan ma ya san da dokar, a ce ya hau mota daga Shinkafi ya bi hanyar Ƙaura zuwa Gusau don ya kai takardar sanarwa, kai ma ka san abin da ake nufi da wannan hanya. Ba a sa rai a kanta don takarda.

Ga kuma inda abin ke da haɗari. Dokar ta sa tarar ₦100,000 a watan farko ga wanda ya kamata ya miƙa bayanan kuɗin shigarsa na shekara bai miƙa ba, da ₦50,000 a kowane wata bayan nan. Shekara guda ta kama ₦650,000. Wanda kuma bai miƙa komai ba, hukuma na da ikon yi masa ƙiyasi gwargwadon abin da take zaton ya samu. Ba ina cewa ma'aikatan hukumar tara kuɗin shiga ta jiha sun fara bin 'yan gudun hijira da takardar tara ba. Ina cewa doka ta buɗe wannan ƙofa, kuma yanzu lissafin a hannun kwamfuta yake, ita kuwa ba ta san abin da ya faru a Kadawa ba. Abin da zai faru sananne ne. Mutum zai farfaɗo bayan shekara uku ko huɗu, wani ɗan'uwa ya ba shi ɗan jari, ya je neman takardar shaidar biyan haraji don ƙaramar kwangila ko rance, a buɗe sunansa a ga tsohon bashi da ya fi jarin. Daga ranar zai koma ajiye kuɗi a ƙarƙashin katifa, ya riƙa ciniki da asusun matarsa ko na ɗansa, ya gargaɗi duk wanda ya sani kada ya kuskura ya yi rajista. Jiha ta yi asarar mai biyan haraji har abada saboda tarar da dama ba za ta taɓa karɓa ba.

Maganar mamata ta fi wannan nauyi, a nan zan ɗan daɗe. Doka ta ce a soke lambar wanda ya rasu idan hukuma ta gamsu. Da me za ta gamsu? Ma'aikaci zai nemi takardar shaidar mutuwa, ta asibiti ko ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma ba laifinsa ba ne, abin da aka koya masa ke nan. Mu kuwa mutum ya cika da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, shaidarsa liman da mai unguwa da jama'ar da suka yi sahu. A ƙauye ba a neman takarda sai idan mamacin ma'aikaci ne mai haƙƙin fansho, ko ya bar kuɗi a banki. Wannan ma wanda aka ga gawarsa ke nan. A watan Yulin 2025 labari ya iso cewa an kashe fiye da mutum 30 cikin waɗanda aka sace daga Banga, a nan ƙasar Ƙaura, bayan an biya kuɗin fansa. Irin waɗannan wane likita ne zai sa hannu a takardarsu? Akwai kuma waɗanda aka shiga daji da su, ba labarin rai ba na mutuwa. Dokar shaida ta ƙasa sai bayan shekara 7 take ɗaukar wanda ya ɓace a matsayin mamaci. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi, matar wanda ya ɓace takan jira shekara 4 bayan ta kai magana gaban alƙali, sannan ta yi takaba. A duk tsawon waɗannan shekaru lambar harajin mutumin na nan a raye, watanni na ta hawa kan juna.

Kada a ce ai mamaci ba ya biyan haraji, magana ta ƙare. A wurinmu ba ta ƙare ba. Kowa ya san kafin a raba gado sai an fid da kuɗin likkafani, a biya bashi, a zartar da wasiyya. Shi ya sa a wurin jana'iza ake tashi a yi shela, duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa. Magada masu tsoron Allah ba sa son kwana da shakka a kan wannan. Idan wata rana suka je cire ɗan abin da ya bari a banki, ko sauya sunan shago, aka ce ana binsa tarar shekarun da yake cikin kabari, an jefa marayu cikin ruɗani biyu, na aljihu da na zuciya. Kuma sau da yawa mai wannan zirga-zirga mace ce da ta fito daga takaba, ba ta taɓa taka ofishin gwamnati ba.

Abin mamaki, tsohon tsarin En'e da iyayenmu suka yi kuka da shi ya san wannan matsala. Tun dokar kuɗin ƙasa ta Gwamna Lugga ta 1906 aka ɗora tara haraji da jangali a wuyan sarakuna da hakimai da dagatai. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929 yana kwasar gyaɗa da auduga, kuma da yawa cikin masu noma su don kuɗin haraji suke nomawa. Ba na kewar wannan zamani. An shanya mutane a rana, an sayar da akuyar tsohuwa, kuma ɗaya daga cikin koke-koken talakawa shi ne a yanka wa gari kuɗi dunƙule, idan wasu suka mutu ko suka yi ƙaura nauyinsu ya faɗa kan waɗanda suka rage. Irin wannan ne ya sa Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali da hawansu mulki a 1979, talakawa suka yi ta guɗa. Amma duk da muninsa, tsarin na da abu guda: ana sake ƙidaya, malamin haraji na zama da mai unguwa, a ce wane ya rasu, wane ya tsufa an yafe masa, wane ya tafi cin rani. Labarin mutuwa da ƙaura daga ƙasa yake hawa sama, ta bakin wanda ya san gida-gida. Sabon tsari ya jefar da wannan, ya ce mai lamba ya kawo kansa. Masu unguwannin nan kuwa suna nan. Sarakunan Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da Moriki suna da hakimai da dagatai da za su lissafa maka ƙauyukan da suka tashi, da inda mutanensu suka sauka, ba tare da sun buɗe littafi ba.

Mu da muka riga kowace jiha ƙaddamar da shari'a, ranar 27 ga Oktoban 1999 a Gusau, muka kafa hukumar zakka da waƙafi, bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Zakka tana da nisabi, tana da cikar shekara, kuma dukiyar da ta salwanta kafin shekara ta zagayo babu zakka a kanta. Ba a ce wa wanda aka kore wa garke ya kawo bijimi don bara yana da shanu. Sabuwar dokar haraji ma ta yarda da wannan a ƙa'ida, tunda ta ce ₦800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Mafi yawan waɗanda nake magana a kansu ko kusa da wannan adadi ba su kai ba. A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi, ta samu ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Iyayen waɗannan yara ba harajin ne zai kama su ba, don ba su kai ba. Tarar rashin cike takarda ce za ta kama su.

Akwai kuma abin da ba na jin daɗin rubutawa, amma shiru a kansa ha'inci ne. Mutanenmu suna biyan wani harajin. A watan Satumban 2024 duniya ta ji yadda ɗan bindiga Bello Turji ya ɗora wa Moriki naira miliyan 30, aka bi gida-gida ana haɗawa. Ƙauyuka da dama sai sun biya kafin su yi shuka, su sake biya kafin su yi girbi. Gwamnati na gasa da waɗannan mutane a kan zuciyar talaka, ko ta so ko ta ƙi. Abin da ya raba hukuma da ɗan bindiga a idon manomi shi ne ita tana da ƙa'ida, tana jin uzuri, kuma idan ba ka da shi tana ɗaga maka ƙafa. Ranar da takardar tara ta iske mutum a sansanin gudun hijira, wannan bambanci ya dushe a idonsa, kuma gyara shi ya fi ƙarfin jawabin rediyo.

Allah ya taimake ka, na san dokar ta tarayya ce, ba kai za ka goge kwana 30 daga cikinta ba. Amma harajin mutum ɗaiɗai da na mai sunan kasuwanci a hannun hukumar jiha yake, kamfanoni ne na NRS, don haka kusan duk waɗanda na ambata mutanenka ne a wannan babi. Kuma kai tsohon ma'aikacin banki ne, ka kai matsayin babban darakta a First Bank. Ka fi ni sanin cewa banki ba ya jiran mai asusu ya rubuto kafin ya sa asusunsa cikin masu barci. Idan ya ga an daɗe ba motsi, da kansa yake jingine shi, ranar da mai shi ya dawo da shaida a farkar. Abin da nake roƙo ke nan a yi wa lambar haraji a yankunan da rikici ya ɗaiɗaita. Duk ranar da gwamnati ta rufe kasuwa, ko hakimi ya tabbatar ƙauye ya tashi, hukumar jiha ta ɗauki wannan a matsayin sanarwa, ta jingine lambobin mutanen wurin tun daga ranar, ta yi amfani da duk damar da doka ta ba ta ta yafe tara saboda uzuri. Abin da ya fi ƙarfin jiha kuma, shugaban hukumar na da kujera a sabuwar Hukumar Haɗin Gwiwa ta Kuɗin Shiga da ta gaji JTB. Ya kai maganar can. Katsina da Sakkwato da Borno ba za su ƙi mara masa baya ba, ciwon ɗaya ne.

Ga waɗanda za su zo da ƙafarsu, a kawo musu abin kusa. Takarda shafi ɗaya ta isa, da Hausa, da boko da ajami: suna, lambar NIN, sana'a, ranar da ta tsaya, dalili. A ajiye tebur a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, ranar kasuwa kuma a fitar da shi bakin kasuwa, a Shinkafi da Kasuwar Daji da Zurmi, yadda ake fitar da na masu yankan rasit. Wanda hanya ta hana shi zuwa a karɓa ta waya. A kan mamaci a yarda da shaidar mai unguwa da liman wadda hakimi ya buga wa hatimi, ko takardar rabon gado ta kotun shari'a. Wanda ya ɓace kuwa a jingine lambarsa da zarar iyali sun kai rahoto, ba sai an jira shekara 7 ba. Mai lamba biyu a haɗe masa su a zama ɗaya ba tare da an tuhume shi ba. Kuma don Allah a ba mutum shaida a hannu, 'yar takarda mai hatimi ko saƙon waya da ke cewa an jingine ko an soke daga rana kaza, don abin da ba ya hannunka ba ka da hujja da shi gobe. A yi shela a rediyo da masallatan Juma'a cewa kyauta ne. Idan ba a faɗa da babbar murya ba, kafin wata uku za a ji an ƙirƙiro kuɗin fom da na goro, a mai da ƙofar fita wata sabuwar tasha.

Wanda ya yi rajista da CAC a gaya masa gaskiya cewa ƙofa biyu ce: rufe lambar haraji daban, rufe rajistar kasuwanci daban, ita ma tana da nata bayanan shekara da nata tarar. Ofisoshin tarayyar a Gusau suke. Ba abin kunya ba ne jiha ta gayyace su su zauna a teburi ɗaya a Ƙaura ko da sau ɗaya a wata.

Za a ce maka masu wayo za su fake da wannan, mai shago uku a Gusau ya zo ya ce shi ma ɗan gudun hijira ne. Za a samu, ba na musu. Amma tunda lambar na ɗaure da NIN, da asusun banki, da na'urar POS, wanda ya ce ya bar kasuwa alhali kuɗi na shiga masa kullum bai ɓuya ba, kuma akwai hukuncin mai yi wa hukuma ƙarya. Mai unguwar da ya sa hannu a kan ƙarya shi ma rawaninsa na kan layi. Ni a ganina ribar ta fi asarar nesa ba kusa ba. Littafin da ke cike da matattu da rufaffun shaguna yana ruɗin mai tsara kasafi, ya sa a ɗora wa ma'aikata adadin da ba zai samu ba, su kuma su huce a kan 'yan tsirarun da suka rage a kasuwa. Gara jiha ta san masu biyanta dubu kaza ne na gaskiya, ta san kuma sana'o'i nawa suka mutu a Zurmi bana, nawa suka farfaɗo a Shinkafi. Wannan adadi ko majalisar tsaro ta jiha za ta amfana da shi.

Wa'adin miƙa bayanan shekara ga mutum ɗaiɗai ƙarshen watan Maris ne. Roƙona shi ne umarninka ya fita kafin wa'adi mai zuwa, a fara da Zurmi da Shinkafi inda hanyar Gusau ta fi wuya, sannan Ƙaura da Birnin Magaji, kuma a sa wa umarnin ranar da zai waiwaya baya har zuwa rufe kasuwanni na Satumban 2021, don waɗanda suka bar sana'a tun lokacin su shiga ciki.

Allah ya ba ka ikon yi, ya zaunar da jiharmu lafiya.

Wassalam,
Naka mai biyayya,
wani magatakardan 'yan kasuwa,
Ƙauran Namoda.